Zafin yanzu da na da: wanne ya fi, kuma waɗanne shekaru ne suka fi muni?

Auwalu Tela, Tudun Wada, Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure a shagonmu, an kasa samun mai raba ta, shi ya sa na kawo ta gabanku. Maigidana da ya koya mini ɗinki ya ce zafin nan da muke ta kuka da shi ba komai ba ne, wai mu 'yan zamani fanka ce ta sangarta mu, da an ɗauke wuta sai mu hau salati. Ya ce su sun ga bazarar da ƙasa ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Ni kuma na ce ina yaro in muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i, kafin dare ya raba sai mun nemi mayafi. Yanzu kuwa har kiran assalatu bango na huci. Azumin 2024 kowa shaida ne, mai ƙanƙara ya fi mai nama ciniki a Tudun Wada.

Tambayata biyu ce. Da gaske zafi ya ƙaru, ko mu ne muka yi laushi? Sannan a tarihi waɗanne shekaru ne aka fi shan wuya, a nan ƙasar Hausa da sauran duniya? Ina jin ana cewa zafi ya taɓa kashe Turawa dubbai, abin yana ɗaure mini kai, mutanen da ƙanƙara ke zubo musu.

Don Allah mai sani ya yi bayani. Banda masu turo hoton waya tana nuna 45, wannan ni ma ina da shi.

Na Kwangila

Ka ce wa maigidanka ya zo ya karɓi babur ɗina ya kai fasinja Shika da ƙarfe biyun rana ya dawo. In ya dawo da bakin magana sai a ci gaba da gardamar.

Baba Malamin Gona, Ƙofar Doka

Wa alaikumus salam. Malam Auwalu, kai da maigidanka kowa ya kamo wani gefe na gaskiya, amma nasa gefen ya fi ƙanƙanta. Ka faɗa masa ni na ce, in bai yarda ba ya same ni bayan la'asar.

Ni aikin gona na karanta a Samaru, na kama aikin malamin gona tun zamanin Jihar Arewa ta Tsakiya, lokacin Zariya da Katsina suna jiha ɗaya. Cikin abin da aka koya mana har da duba ma'aunin zafi da na ruwan sama, kuma da wannan zan fara, don daga nan yawancin gardamar zafi take karkacewa. Zafin da ake rubutawa a littafi ba a cikin rana ake auna shi ba. Akwai wani farin akwatin katako mai tsaga-tsaga da iska ke ratsawa, a kan dogayen ƙafafu, a fili nesa da gini da kwalta. A cikinsa ma'aunin yake. Saboda haka in an ce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, to a inuwa ke nan, abin da Na Kwangila yake sha a kan titi ya wuce haka nesa ba kusa ba. A wannan awon Zariya ba ta cikin garuruwa masu tsananin zafi a Arewa. A kan tudu muke, sama da mita 600 daga teku, shi ya sa mutumin Sakkwato ko Maiduguri yake mana dariya in muna kuka. Adadi mafi girma da aka rubuta wa Najeriya shi ne 46.4, a Yola, ranar 3 ga Afrilu 2010.

Abin da ya sa Afrilu ya fi cizo: a watan nan rana take tsayawa daidai tsakar kanmu, ƙasa ta bushe ƙayau babu danshin da zai shanye zafin, hazon da ke tare haskenta ya janye, sannan iskar kudu mai laima ta fara shigowa amma ruwan bai sauka ba. Laimar nan ita ke hana zufa bushewa, ita ke hana dare yin sanyi. Manoma, a lissafinsu na watannin noma, na cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. To makonnin da ke gabansa su ne masu wuyar.

Kakanninmu ba su ajiye tarihin zafi da lamba ba. Abin da suka riƙe shi ne shekarar da ruwa ya ƙi, sai su sa wa yunwar da ta biyo baya suna. Kakata ta wajen uba tana budurwa aka yi Kakalaba. Daminar 1913 ce ta gaza, yunwar ta kai maƙura a 1914, shekarar da Turawa suka haɗe Kudu da Arewa. Abin da ya ƙara dagula al'amarin, layin dogo bai daɗe da ratsawa ta nan ya isa Kano ba, a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, manoma da dama sun ba ta filin da a da na hatsi ne, ga haraji ana karɓa da tsabar kuɗi. Da ruwa ya ƙi sai aka leƙa rumbu aka ga wayam. Ta ce mutanen arewa suka yi ta gangarowa ƙasar Zazzau a ƙafa, ana tona gidan tururuwa ana kwashe abin da ta tara, ana dakan ƙarangiya ana yin tuwo. A shekarar nan ko kogin Nilu na Masar bai cika yadda ya saba ba, wato abin ba namu ba ne mu kaɗai. Bayanta an yi 'Yar Gusau wajen 1942, ana cikin yaƙin Hitila, lokacin da jama'a suka riƙa tattaki zuwa Gusau neman hatsi.

Wanda na gani da idona shi ne farin 1972 da 1973. Ina sabon ma'aikaci aka tura ni arewacin Katsina, wajen iyaka. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, gero ya fito ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Da yamma hadari ya haɗu baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, a kora awaki, sai iska ta taso ta watsa shi, a wayi gari da ƙura a cikin kwano. Aka sake shuka, aka kuma sakewa, har iri ya ƙare a hannun wasu. Bazarar da ta biyo baya ita ce irin wadda maigidanka yake nufi. Rijiyoyi suka ƙafe, sai a kwana a bakin rijiya ana jira ta tsatso ko rabin guga. Buzaye da Fulani suka kwararo daga Nijar da ragowar dabbobinsu, ka ga saniya ana sayar da ita kuɗin da a da ba zai sayi tunkiya ba, don mai ita ya san in ta kwana mushe ce. Na ga dattijon da a da yake da garke ya zauna a bakin kasuwa, ya kasa buɗe baki ya yi bara, sai dai in ka gane ka miƙa masa ka kau da kai.

Farin nan har gwamnatoci ya kayar. A Afrilun 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da Diori Hamani a Nijar, kuma yadda aka yi da abincin agaji yana cikin dalilan da suka bayar. A Satumbar shekarar aka sauke Haile Selassie a Habasha bayan yunwar lardin Wollo. Gyaɗarmu kuwa ba ta sake miƙewa a kasuwar duniya ba: fari ya raunana ta, a 1975 kuturtar gyaɗa, wadda wasu ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke yaɗawa, ta ƙarasa ta. Dalar gyaɗa ta Kano daga nan ta zama labari. Irin gyaɗar nan na SAMNUT da ake nomawa yanzu, masu jure cutar kuma masu saurin nuna, aikin cibiyar binciken noma ta Samaru ne, wadda asalinta ke komawa 1922. Shekara goma bayan na 1973 aka sake wani farin a 1983 da 1984, wanda a wurare da yawa ya fi na farkon ƙarancin ruwa, ga bushiya ta faɗa wa shanu. Tafkin Chadi da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma.

A lokacin makiyaya da masu saran itace aka ɗora wa laifi, wai su suka jawo hamada. Daga baya masana suka gano babban dalilin yana teku. Iskar Atilantika ce ke kawo mana damina, in ruwan tekun na arewa ya yi sanyi fiye da na kudu, hadari ba ya hawowa arewa sosai, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana cikin abin da ya sanyaya shi. Bafulatanin da aka yi ta zagi, laifinsa bai taka kara ya karya ba.

To ga inda na raba gardamarku. Abin da maigidanka yake tunawa fari ne da zafin rana, kuma bai yi ƙarya ba, an sha. Amma ko a 1973, in rana ta faɗi ƙasa tana hucewa, mutum yana barci. Abin da kai kake kuka da shi dare ne, kuma a nan kai ne da gaskiya. Awon duniya gaba ɗaya ya nuna 2024 ta fi kowace shekara zafi tun da aka fara rubutawa, da wajen digiri ɗaya da rabi sama da yadda ake a tsakanin 1850 da 1900, saboda hayaƙin fetur da kwal da gas. Wani zai ce ɗaya da rabi ai ba komai, to jikin mutum 37 ne, in ya kai 38.5 kwance yake da zazzaɓi. Sai ka haɗa da abin da muka yi wa garin da hannunmu. Rimayen da aka san Zariya da su tun daga nesa, nawa suka rage? Gonakin da ke tsakanin Birni da Tudun Wada, da na hanyar Samaru, duk sun zama bulo da kwano, tsakar gida an malale da siminti. Da rana su sha zafi, da dare su amayar mana.

Na sauran duniya kuwa ga waɗanda nake riƙe da su. Zafi mafi girma da hukumar yanayi ta duniya ta amince da shi 56.7 ne, a wani kwari na Kalifoniya a Amurka, ranar 10 ga Yuli 1913, shekarar da damina ta gaza mana. Da can Aziziya ta Libiya ce ke riƙe da kambun da 58 na 1922, sai a 2012 aka soke, bayan an bincika an ga ma'aunin da wurin da aka ajiye shi da mai dubawar duk da matsala. Shekara casa'in ana koya wa yara abin da ba haka ba. A 1936 Amurka ta haɗa fari da zafi da guguwar ƙura, mutum wajen 5,000 suka mutu. Akwai kuma akasin haka. A Afrilun 1815 dutsen Tambora na Indunusiya ya yi aman wuta, tokarsa ta tare rana, sai 1816 ta zo wa Turai da Amurka babu lokacin zafi sam: dusar ƙanƙara ta zuba a arewa maso gabashin Amurka cikin Yuni, amfanin gona ya lalace, aka yi ta tarzomar abinci a Turai. A lokacin Shehu Usmanu yana raye a Sakkwato, a 1817 ya rasu. Wanda ya fi ba ni dariya na Ingila ne a 1976. Fari ya kama su har ana layin ruwa a famfon kan titi, gwamnati ta naɗa wani Denis Howell ministan fari, kwana kaɗan da naɗa shi ruwa ya ɓarke har da ambaliya. Da a nan ne da tuni an ce malaminsa ya iya aiki.

Maman Hanifa, ma'aikaciyar jinya

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Bari in amsa wa Auwalu batun Turawa, don ina Ingila aka yi na 2022. 'Yar Gyallesu ce ni, a Zariya na fara aikin jinya kafin aiki ya kawo ni nan.

Lokacin zafinsu Yuni zuwa Agusta ne, sa'ad da ku kuke tsakiyar damina. Ranar 19 ga Yuli 2022 aka auna 40.3 a wani gari Coningsby, karo na farko ke nan da ƙasar ta haura 40. Na san ɗan Zariya zai ce to sai me. Auwalu, gidajen nan an gina su ne don su riƙe ɗumi: bango mai kauri da abin tare sanyi a ciki, taga gilashi biyu wadda wata ma ba ta buɗuwa sosai, kafet ko'ina, ba fanka a sama. Rana kuma tana fitowa wajen biyar na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. Ɗakin da nake haya a sama yake, wallahi na gwammace ɗakin kwano na Sabon Gari, can aƙalla kana iya fitowa waje da tabarma ba mai kallonka. Kwaltar filin jirgin Luton ta ɗago har aka dakatar da tashi, ƙarafan layin dogo suka lanƙwashe, aka soke jirage.

Wanda ka ji labari na 2003 ne. Mutum wajen 70,000 a Turai, kusan 15,000 a Faransa kaɗai, yawancinsu cikin makonni biyun farko na Agusta. Galibinsu tsofaffi ne masu zaman kaɗaici. Agusta watan hutunsu ne, 'ya'ya sun tafi bakin teku, likitoci da yawa ma suna hutu. Gidajen Faris da dama rufin ƙarfe gare su, mai ƙaramin ƙarfi shi ke zama a ɗakin can sama ƙarƙashin rufin. Tsohuwa za ta kwana uku ba ta sha ruwan kirki ba, don tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, ba kuma mai ƙwanƙwasa mata ƙofa. Gawawwaki suka yi yawa har aka ari ɗakin sanyi na babbar kasuwar abinci ta Rungis aka ajiye su. Tun daga nan kowace ƙaramar hukuma a Faransa take da rajistar tsofaffi da marasa lafiya, in zafi ya tashi a bi su da waya.

Amma kada mu ce mu zafi ba ya kashe mu. Ƙirgawa ce ba ma yi. Tsoho in ya rasu cikin Afrilu sai a ce hawan jini ne, ko gajeruwar rashin lafiya, a yi masa sutura kafin la'asar, ba mai rubuta cewa ya kwana huɗu a ɗakin da ba iska. A Mali an ɗan ƙirga. Ranar 3 ga Afrilu 2024 garin Kayes ya kai 48.5, ana cikin azumin nan da ka ambata, ga rashin wuta. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya rubuta mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali Afrilun shekarar da ta gabata gaba ɗayansa 130 ne.

Sai sanƙarau, wanda Baba bai taɓo ba. A 1996 ina makarantar koyon jinya aka yi babbar annobar, mutum sama da 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, kusan duk a Arewa. Ba zafin ne cutar ba, ƙwayar cuta ce, amma busasshiyar iska da ƙura suna tsattsaga cikin hanci da maƙogwaro su buɗe mata hanya, ga cunkoso a ɗaki. Ruwa na sauka take lafawa. Yanzu akwai rigakafi, a 2024 ma Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar. A kai yara.

In kuka ga mutum cikin zafi ya fara sambatu ko ya rikice, jikinsa ya yi zafi rau, kada a tsaya shafa masa mai ko turare. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a jiƙa shi da ruwa sosai ana fifita, ana haka ana neman abin hawa zuwa asibiti. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki. Wanda ya galabaita kawai amma yana gane mutane, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin cokali.

Almajirin Kona

Allah ya saka wa Baba da Hajiya da alheri. Zan ƙara da abin da ke cikin tarihin Musulunci, don shi ma tarihi ne.

A shekara ta 9 bayan hijira aka fita Tabuka cikin tsananin zafi, dabino ya nuna, kowa na son inuwar gonarsa. Har rundunar aka sa wa suna rundunar tsanani, Sayyidina Usmanu ya ɗauki kaso mai yawa na guzurinta. Malaman tarihi sun kawo cewa ƙishirwa ta kai wasu suna soke raƙumi don ruwan da ke cikinsa. Suratut Tauba ta ba da labarin munafukan da suka hana mutane fita da hujjar zafi.

A shekara ta 18 kuma, zamanin Sayyidina Umar, aka yi Shekarar Toka. Fari ya kama Hijaz wajen wata tara, ƙasa ta yi baƙi, iska na tashi da ƙura mai kama da toka, mutanen ƙauye suka cika gefen Madina. Abin lura shi ne yadda ya tafiyar da ita. Ya rubuta wa gwamnoninsa aka turo ayarin abinci, aka kafa tukwane ana ciyar da jama'a ana ƙirga masu ci, ya jinkirta karɓar zakka a shekarar, ya dakatar da haddin sata a kan wanda yunwa ta tura. Shi kansa ya haramta wa bakinsa man shanu da nama har launinsa ya canza. Sannan ya fita roƙon ruwa ya gabatar da Abbas baffan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi addu'a. Mu yanzu mun riƙe roƙon ruwan, tukwanen ne ba a cika gani ba.

Addini bai ce a yi jarumta da zafi ba. Hadisi ya inganta cewa in zafi ya tsananta a jinkirta azahar har a samu sauƙi. Malamanmu na Malikiyya sun ce mai azumin da ya ji tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani wajibi ne ya sha, ya rama daga baya. A Karachi ta Fakistan, Yunin 2015, azumi ya haɗu da zafin wajen 45 da ɗaukewar wuta, mutum fiye da 1,200 suka rasu, sai da malamai suka fito suka tunatar da mutane wannan hukunci. A Hajjin 2024 an auna 51.8 a Harami, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari ba su da takardar izinin Hajji, wato ba su da tanti mai sanyi a Mina da Arfa, ba motar da za ta ɗauke su, da ƙafa suka yi ta tafiya cikin rana. Masu bin ta ɓarauniyar hanya su ji.

Watan azumi yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, yanzu ya nufi hunturu. Sai bayan shekara wajen 33 zai koma inda yake a 2024, kamar yadda na 1991 ya faɗo tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Afrilu. Maigidan Auwalu ya yi wancan ya yi wannan, a tambaye shi tsakani da Allah wanne ya fi ba shi wuya da dare.

Jikan Magina

Baba, a gafarce ni, amma akwai inda zan ɗan ja. Kowa in ana maganar zafi sai ya ce a koma ginin ƙasa. Gidanmu magina ne kaka da kakanni, na san daɗinsa. Bangon tubali mai kauri yana ɗaukar yini kafin zafi ya ratsa shi, soro mai ɗaurin guga kuma zafin yana hawa can sama ya bar mutum. Wanda ya shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a na Birni, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, ya san abin da nake faɗa. Amma mutane ba hauka suka yi ba da suka koma kwano. Soro yana son yaɓe da makuba duk shekara kafin damina, in ka yi sakaci indararo ya toshe, Agusta ta same ka, sai a tono ka. Azara ta yi tsada don giginyar ta ƙare, masu iya ɗaura bakan gizo kuma a yatsa za ka ƙirga su. Shi kansa soron cikin bazara da rana yake da daɗi, da dare yana sakin zafin da ya sha, shi ya sa iyayenmu suke kwana a waje. Yanzu wa zai kwana a ƙofar gida?

Abin da nake gaya wa masu ba ni aiki: in dai kwano za ka sa, to ka ɗaga ginin, ka ƙara layi biyu na bulo, ka sa silin, ka bar ƙofofin iska tsakanin silin da kwano a gefe biyu. Taga biyu masu kallon juna sun fi babba guda ɗaya. Kwano fari ko mai haske, ba baƙin nan da ake yayi ba, wanda masu kuɗi ke sawa sannan su sayi janareta su yaƙi zafin da suka saya da kuɗinsu. Kada a malale tsakar gida duka.

Baba Malamin Gona, Ƙofar Doka

Jikan Magina, ai ban ce a koma soro ba, ni kaina a ƙarƙashin kwano nake, da silin ɗin da ka faɗa. Na karɓi maganarka, sai dai ka manta bangon yamma, wanda rana ke duka daga azahar har magariba, shi ne ke hana mutane barci. Itace ake sa masa. Darbejiya ta fi saurin girma kuma ba ta zubar da ganye a lokacin da ake bukatarta, amma saiwarta na fasa gini da masai, a ba ta tazarar taku goma daga bango. Mai ƙaramin fili ya sa mangwaron aure ko lemo. Kada a dasa yanzu, asarar ruwa ce, a bari sai cikin Yuni in damina ta zauna. A haƙa rami kamu biyu, a zuba taki ruɓaɓɓe ba ɗanye ba, a kewaye da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki, kuma a shekarar farko a ba shi ruwan wanke-wanke duk yamma har damina ta zagayo.